Kurmin Asiri na Delbert Tubbs

Tun ina iya ɗaga buhun ƙanƙara da hannu ɗaya ni Earline nake sayar da kayan fatsa a bakin tafkin nan namu na Mississippi, kuma na ji ƙarya iri-iri. Mai kamun kirafi, farin kifin nan mai faɗi na tafkinmu, in bai yi maka ƙarya ba, to bai ɗauke ka mutum ba. Ka tambaye shi zurfin da ya samu kifi, ya ce ƙafa goma alhali huɗu ne. Ka tambaye shi kalar jigin da ya sa, wato ƙugiyar yaudarar kifi, ya ce baƙa, ga ruwan ɗorawa tana leƙowa daga aljihunsa. Wannan ba zunubi ba ne a wurinmu, ko Fasto yana taɓawa. Amma Delbert Tubbs daban yake. Sauran suna ƙarya don su ɓoye kifin da suka kama, shi kuwa yana yi don ya ɓoye wanda bai kama ba.

Abu ɗaya yake da shi na gaske, jirginsa na ruwa. Kore ne shar, da inji da kujera mai juyawa, kuma ya fi wanke shi a kan yadda yake wanke wuyansa. Ko jikokinsa sai sun cire takalmi suke shiga.

To, bayan Kirsimeti matan coci suka zaɓi matarsa Vernell ta shugabanci suyar kifi ta bazara, wadda ake yi a rumfar coci a bakin ruwa. Baiwar Allah ta daɗe tana jiran wannan rana. Ta shigo shagona da safe, mazan suna zaune a teburin shayi, ta ce za ta sa masu gonar kifi su ajiye mata tarwaɗa kamar yadda aka saba.

Delbert ya dire kofi. "Tarwaɗar gona? A gidana? Maman Lonnie, so kike a zage ni a gari?"

"Baban Lonnie, mutane za su ci, ba labari za su sha ba."

"Kirafi za su ci, fari tas, kuma ni kaɗai zan kawo. Kada wanda ya sayi ko jela."

Hoyt, ƙanin Vernell, wanda abokin wasan Delbert ne tun ranar ɗaurin aure, ya ce, "Yaya, bara ma kai kaɗai ka kawo. Wanda ka kawo ɗin kyanwar Yaya Earline ta shinshina ta wuce."

"Kai rufe mana baki, ɗan fatsar gwangwani."

Vernell ta dubi mijinta, ta dube mu. "To ku shaida. Ba zan sayi tarwaɗa ba. Amma in ranar ta zo kifin da zai ciyar da coci bai fito daga cikin jirginka ba, da hannunka, jirgin nan zan sa a ja shi ƙofar gida in cika shi da ƙasa in shuka tumatir."

Ni dai na san Vernell, ba ta magana biyu.

Delbert ya bugi ƙirji. "Na yarda! Ki tanadi mai da garin masara kawai."

Na ce, "Delbert, baki fa shi ke yanka wuya."

"Yaya Earline, ke dai sayar da ƙugiya, ki bar wa maza ruwa."

Na bar masa. Allah ya sani na bar masa.

Kowa ya san kirafi ɗan kurmi ne, ba ya zama a fili. Shi ya sa da hunturu, in masu madatsa suka saki ruwa tafki ya janye, maza kan bi busasshen ƙasan tafki su ajiye tsofaffin bishiyoyin Kirsimeti, a ɗaure gindin da bulo, a ɗaura fankon galan ɗin madara ɗaya a kai don in ruwa ya dawo bishiya ta tsaya a miƙe. Mutum ya sa biyu ko uku, ya yi shiru da bakinsa, ko matarsa ba ya gaya wa wurin. Delbert ya ce biyu ko uku wasan yara ne. Shi kurmi zai kafa.

Ya shiga gari da a-kori-kurarsa gida-gida. Duk bishiyar da ya gani a waje sai ya jefa a baya, har da wadda ba a gama sauke mata ado ba. Yana lodi yana cewa mutane, "Asiri ne fa, kada ku gaya wa kowa." Ya bi bayan coci ma ya yi gaba da babbar da aka jingine a can.

Ranar Lahadi Fasto Purvis ya hau bagade ransa a ɓace. Tauraron azurfa da ake kafawa a kan bishiyar coci, wanda marigayiya mahaifiyarsa ta bayar, ya yi ɓatan dabo tare da bishiyar. Ya yi wa'azi a kan sata har muryarsa ta dushe. Wa ya fi kowa cewa amin? Delbert. Har juyowa yake yana hararar Hoyt.

Sai maganar galan. Ya zo shagona da igiya ya ce in tara masa duk wanda na samu.

Na ce, "Ɗaya ake ɗaura wa bishiya."

"Ɗaya na talakawa ne. In ɗaya ya miƙar da ita, biyar za su miƙar da ita kamar soja."

"To bulon fa? Ka ƙara?"

"Bulo nauyi gare shi, bayana ba na banza ba ne. Ai duk zan haɗa su da igiya ɗaya, kowace ta riƙe 'yar'uwarta. Ɓarawo ma in ya zo, sai dai ya ɗauki duka."

Hoyt ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Mutumin da ya ce in bar wa maza ruwa? Oho.

Da rana tsaka ya ja lodin zuwa wurin asirin nasa, bishiyoyi suna zubar da ganye, galan suna kaɗawa kamar ganguna. Ya bar koren layi tun daga ƙofar coci har tsakiyar tafki, ko makaho zai bi shi da ƙafa. Da ya dawo ya zauna a tebur ya ce, "Ko da wuƙa a wuyana ba wanda zai ji inda na sa."

Hoyt ya ce, "Allah ya kiyaye mu tambaya. Amma ka bar safar hannunka a kan kututturen da ke gabas da tsohuwar gada."

Ruwa ya sauko, tafki ya cika, bishiyoyin bakin daji suka yi farin fure, alamar kirafi ya matso gaɓa zai yi ƙwai. Delbert ya ga ya kamata ya koyar da mu kafin ya fara kwasa. Ya tsaya tsakiyar shagona da sandar fatsa, ya ɗaura jigi, wato 'yar ƙugiyar nan mai kan dalma da jelar gashi, ya maƙala ƙwallon da ke yawo a saman ruwa.

"Ku buɗe kunne. Idon kirafi a sama yake, ba ya duban ƙasa. Ka daidaita ƙwallo yadda jigi zai rataya a saman kansa kaɗan. Ka jefa, ka bari ya nutsu. Ka ɗan girgiza, ka tsaya. In ƙwallo ya nutse, ko ya kwanta a gefe, to ya ci. Kuma kada ka fizga! Bakinsa kamar takarda yake. Ɗagawa ake yi a hankali, kamar za ka ɗauki jinjiri."

Abin haushi, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. A bakin Delbert ilimin kifi cike yake, hannun ne ba ya jin magana. Ya ce bari ya nuna mana jifa. Ya kai sanda baya, daidai lokacin da Fasto ya turo ƙofa. Jigi ya cafke hular Fasto. Me Delbert ya yi? Ya fizga da ƙarfinsa duka. Hula ta tashi sama ta faɗa tankin ƙananan kifayen da nake sayarwa.

Fasto ya shafa sanƙonsa ya ce, "Na gode Allah da ba jinjiri ba ne."

Washegari ya fita wurin kurminsa, ya dawo da kula cike da ƙanƙara zalla. Ya ce ruwa bai yi ɗumi ba. Kashegari ya ce ya yi ɗumi da yawa. Ya sayi jigi ruwan ɗorawa, ya dawo ya sayi fari, ya dawo ya sayi ruwan hoda mai baƙar jela, har ya tambaye ni ko ina da mai kalar da ba ta da suna. Ya ja ƙwallo sama, ya ja shi ƙasa. Rana ɗaya tak ƙwallon ya nutse, ya fizga, ya ciro leɓen kifi, sauran kifin ya yi gaba. Ya kawo leɓen a cikin hankici yana nuna wa mutane.

"Ku dubi faɗin bakin nan! Mai wannan baki ya kai cinyata."

Hoyt ya ce, "Ka ajiye, Yaya. In ka tara da yawa a yi wa coci miyar leɓe."

Abin da ya fi damunsa, ko sau ɗaya ƙugiyarsa ba ta maƙale a reshe ba. Mai kamun kirafi a kurmi kuwa asarar jigi ce abincinsa. Ya shigo shago ido jawur ya nuna Hoyt da yatsa.

"Kai ka sace mini kurmi!"

"Ni? A aljihu na sa shi?"

"Wanda ya iya sace tauraron coci, me zai gagare shi?"

Sai da na shiga tsakani da tsintsiya.

A kwanakin nan kuma aka fara kawo labarai masu ban mamaki. Wani ya ce injinsa ya bugi itace a inda tun kakansa fili ne. Wani ya cika kula a bakin tsibiri, ya koma washegari bai samu ko ƙaya ba. Wani ya rantse ya ga abu mai walƙiya yana tafiya a ƙarƙashin ruwa. Duk wanda ya faɗa, Delbert sai ya yi tsaki ya ce ƙaryar masu fatsa ce. Mu ma haka muka ɗauka. Laifin garin da kowa ke ƙarya ke nan, ranar da aka faɗi gaskiya ba mai saye.

Vernell ta zo ana jibi suya, ta tsaya a bakin kanta, fuskarta duk ta faɗa.

"Yaya Earline, injin sanyinmu babu komai sai leɓe ɗaya. Na gayyato har cocin ƙetaren gada. Me zan ba su, kwaɗon kabeji?"

Ta ba ni tausayi ƙwarai. Na ce ta sayi tarwaɗar a ɓoye mana. Ta girgiza kai.

"Na ce ba zan saya ba a gaban mutane. In ya kunyata ni, ya kunyata ni, amma zai ci tumatir har ya gaji."

Ranar suya ta zo da iskar kudu tun safe. Delbert ya fita da hantsi yana ɗaga wa mutane hannu, ya ce a ɗora mai a wuta, yanzu zai dawo. Aka jera tebura a rumfa, aka kafa tukwane, aka kwaɓa garin masara, baƙi suka fara sauka daga motoci da kwanukan kek. Rana ta take, babu Delbert. Muna hango shi can tsakiya, ɗan ɗigo kore, yana jifa yana jawowa. Vernell ta yanka kabejin da zai ishi gari biyu don kada ta ɗaga kai ta haɗa ido da kowa.

Akwai Mama Ozella, tsohuwar da ta girmi kowa a cocin, wadda ba ta zuwa ko'ina ba tare da sandar gorarta ba. Ta gaji da jira, ta ja kujerarta bakin ruwa.

Jikarta ta ce, "Kaka, nan ai laka ce, ba a taɓa kama komai ba."

"Na sani. Gara in kalli ƙwallo da in kalli fuskar Vernell."

Ta jefa. Ƙwallo bai gama zama ba ya kwanta. Ta ɗaga a hankali, sai ga kirafi kamar faranti. Ta sake jefawa, wani. Ta sake, wani.

"Kai jama'a! Ku zo ku taya ni, hannuna ya gaji!"

Kafin ka ce kwabo an watse zuwa motoci, don a nan ba motar da ba sanda a bayanta. Matan mawaƙa da rigunan coci, dattawa, baƙin ƙetaren gada, har Fasto ya naɗe hannun riga. Na buɗe akwatin jigin da ke motata na ce kowa ya ɗiba. Ƙwallaye ja da fari suka cika bakin gaɓa, wannan ya nutse, wancan ya kwanta. Ana ciro kifi ana miƙa wa Hoyt yana fiɗa, Vernell tana birgima su a gari tana jefawa a mai, tana dariya tana share hawaye da gefen hannu. Jigi kuwa sai maƙalewa yake a ƙasa yana tsinkewa, a wurin da muka sani ko tsinke babu. Hoyt ya dube ni, na dube shi.

Ƙanshi ne ya jawo Delbert. Ya taho a hankali, ya kashe inji daidai inda ƙwallayen suke, ya jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi.

Mama Ozella ta ce, "Kai yaron nan, kauce, ka zauna mana a kan kifi!"

Ya dubi tulin kifin da ke kan tebur, amma bakin bai mutu ba. "Waɗannan? Ai 'ya'ya ne. Iyayen na baro su can, sai sun ƙara ƙiba."

Vernell ta ce, "Buɗe kular mu gani, Baban Lonnie."

"Ba a buɗe kula a rana, kifi zai lalace."

"Delbert Tubbs, buɗe."

Da ya ji sunansa duka biyu, ya tuna wai ya manta wani abu a tsakiyar tafki. Ya kama igiyar anga ya ja, ta ƙi. Ya ƙara ja, ta ƙi.

Fasto ya ce, "A hankali, ɗan'uwa. Kamar jinjiri."

Ina! Ya naɗe igiyar a ƙarfen jirgi, ya tada inji, ya ba shi wuta da baya. Jirgi ya yi kuka, igiya ta miƙe, sai muka ji wani abu ya tsinke a ƙasa, ɗas!

Ruwa ya fara tafasa. Galan ɗaya ya ɓullo. Sai biyar. Sai suka yi ta ɓullowa ta ko'ina kamar ana toya gurguru. Bayansu kawunan bishiyoyi suka taso, baƙaƙe, suna ɗigar laka, wasu da ragowar zaren ado, duk jikinsu jigi kala-kala da mutanen tafkin suka yi asara. Ashe tun da ruwa ya cika, galan suka rinjayi bulo, kurmin ya tashi ɗungurungum yana yawo a ƙarƙashin ruwa duk inda iska ta ga dama, kifi na biye da shi, mai shi kuwa yana can yana fatsa a kan laka. Yanzu angarsa ta tsinke igiyar bulon da ta rage. Bishiyoyi suka kewaye jirgin, suka ɗaga gabansa, injin ya shaƙe da reshe ya mutu. Delbert ya faɗa zaune a cikin kular ƙanƙara.

Sai babbar ta taso a ƙarshe, daidai bayan kansa, a miƙe kamar soja yadda ya yi alkawari. A samanta ga tauraron azurfa yana walƙiya.

Sai wata daga cikin mawaƙa ta ce, "Laa, ga bishiyata can, mai jan ƙyalle!" Wani ya ce, "Ga jigina na ranar Talata!" Daga nan dariya ta ɓarke, har baƙin da ba su san komai ba suna riƙe ciki.

Fasto bai yi dariya ba. Ya tako bakin ruwa ya ce, "Ɗan'uwa Delbert, ranar da na yi wa'azin nan, amin ɗin wa na fi ji?"

Hoyt ya ce, "A bar shi, Fasto, ni ne ɓarawon. Na sata ne na ɗaura masa a kai."

Delbert ya miƙe, wando na ɗiga. Ko a nan bai saduda ba. Ya buɗe hannuwa ya ce, "To, kun gani? Kurmin wa ya ciyar da ku? Da gangan na turo shi nan don tsofaffi su huta da shiga jirgi. Wa ya taɓa kawo wa coci kurmi har ƙofa?"

Vernell ta goge hannu a zanin girki. "Daga cikin jirginka, da hannunka. Yaya Earline, haka aka yi ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka aka yi. Ni dai ƙugiya nake sayarwa, amma kunnena lafiya lau."

Ya duba ƙasan jirgi a rikice. Allah da ikonsa, tasowar bishiyoyin ta watso 'yan kirafi biyu ciki, kowane bai fi yatsa ba. Ya ɗaga su sama.

"Fasto, ai a Linjila an taɓa ciyar da dubbai da kifi biyu!"

"An taɓa, ɗan'uwa. Amma ba kai ne mai rabawa ba. Mayar da su ruwa, ba su kai girman da doka ta yarda ba."

Aka ci aka sha, ba a taɓa suyar da ta kai ta Vernell ba, har yau ana zancenta. Delbert kuwa sai da aka gama cin kek aka tuna a jefa masa igiya. Ya fito da tauraro a hannu, ya miƙa wa Fasto ba tare da ya dube shi ba. Vernell ta ajiye masa faranti a rufe, da kifi mafi girma a ciki, wanda Mama Ozella ta kama. Ta zauna kusa da shi har ya cinye. Na ce a raina ta huce ke nan, jirgi ya tsira.

Ranar Litinin na ga Hoyt ya wuce da lodin ƙasa.

Yanzu in ka bi ta titin coci za ka ga jirgin a ƙofar gidan su Delbert, kore shar, don har yau yana wanke shi, tumatir ya cika shi daga gaba har baya. Kujerar mai juyawa kaɗai Vernell ta bar masa. Can yake zama da yamma, hula a kai, yana gaya wa masu wucewa cewa ba a taɓa tumatir irin nasa ba a jihar nan, wai akwai wanda ya kai kan jariri amma tsuntsu ya riga shi.

Rannan na tsaya na ce, "Delbert, a wane zurfi ka shuka su haka?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sunkuyo ya rage murya.

"Ƙafa goma."